Tutar Jamus mai guduma da kamfas: ta wace ƙasa ce, kuma yaya ake zana ta daidai?

Tambaya: Wani malamin tarihi a makarantar sakandare ya rubuto cewa ɗalibansa sun ga tsohon hoton gasar cin kofin duniya ta 1974, an kafa tutoci biyu masu launin Jamus, ɗaya zalla, ɗaya da tambari a tsakiya mai guduma da wani abu kamar kamfas na zana da'ira. Yana son sanin ko ta wace ƙasa ce, me ya sa aka sa tambarin, da yadda zai zana ta a allo ko ya ba tela ya ɗinka ba tare da kuskure ba.

Amsa: Malam, tutar Jamus ta Gabas ce, ƙasar da ta bi tsarin gurguzu daga 7 ga Oktoba 1949 har zuwa 3 ga Oktoba 1990. Jamusawa na taƙaita sunanta da DDR. Wasan da ɗalibanka suka gani an buga shi a Hamburg ranar 22 ga Yuni 1974, Jamus ta Gabas ta ci Jamus ta Yamma ɗaya da nema, Jürgen Sparwasser ne ya zura ƙwallon, ko da yake Yamma ce ta ɗauki kofin daga baya. Abin da ya kamata ɗalibai su fara riƙewa shi ne, shekara goma cur ƙasashen biyu suna ɗaga tuta iri ɗaya sak, babu tambari. Sai a 1959 Gabas ta manna nata, kuma rigimar amincewa da ita a matsayin ƙasa mai zaman kanta ce ta jawo hakan.

Launukan sun girmi ƙasashen biyu

Baƙi da ja da ruwan zinare ba gurguzu ya kawo su ba. Galibi ana mai da asalinsu ga kakin wata rundunar 'yan sa-kai ta Lützow da ta yaƙi Napoleon a 1813: baƙar riga, jan ado, maɓallan tagulla. Ƙungiyar ɗalibai ta birnin Jena ta ɗauke su a 1815, aka ɗaga su a babban taron Hambach na 1832, majalisar Frankfurt ta 1848 ta mai da su launukan haɗin kan Jamus. Daular da Bismarck ya kafa a 1871 ta yi amfani da baƙi da fari da ja. Jamhuriyar Weimar, wadda ta gaji daular, ta dawo da ruwan zinaren a 1919, 'yan Nazi suka kawar da shi a 1933.

Bayan yaƙin duniya na biyu, a yankin da Tarayyar Sobiyet ke riƙe da shi an ɗan yi muhawara. Akwai masu son baƙi da fari da ja, domin su ne launukan kwamitin da fursunonin yaƙin Jamus da 'yan kwaminisancin da ke gudun hijira suka kafa a Rasha a 1943. Ra'ayin bai yi nasara ba. Sashe na 2 na kundin tsarin mulkin Gabas na 1949 ya ce launukan ƙasar su ne baƙi, ja, ruwan zinare. Sashe na 22 na kundin Yamma, wanda aka zartar a Mayun wannan shekarar, shi ma abin da ya faɗa ke nan. Kowane ɓangare na iƙirarin shi ne halastaccen magajin 1848, kuma kowanne na cewa rabuwar ta ɗan lokaci ce, saboda haka ba wanda ya yarda ya bar wa ɗan'uwansa launukan.

Yadda tambarin ya girma

Bai fito a kammale ba. A 1950 aka fara ganin guduma ita kaɗai a cikin zoben zangarnu, wato ma'aikaci da manomi. A 1953 aka ƙara kamfas, irin wanda 'yan makaranta ke zana da'ira da shi, a madadin masu aikin ƙwaƙwalwa: injiniyoyi, likitoci, malamai, masana kimiyya. Dokar 26 ga Satumba 1955 ce ta mai da shi tambarin ƙasa a hukumance, kuma ta siffanta shi da abu uku: guduma da kamfas, zoben zangarnu kewaye da su, da ƙyalle mai launin baƙi, ja, ruwan zinare naɗe da gindin zoben. Hatsin da aka zana ɗan'uwan alkama ne da ake kira rai, wanda ke yi a ƙasa mai yashi ta arewacin Jamus, da shi suke yin baƙin burodinsu.

Ƙarin kamfas ɗin yana da dalili na zahiri. A shekarun 1950 ƙwararru suna ta tsallakawa Yamma ta birnin Berlin, inda iyaka take a buɗe har zuwa 13 ga Agusta 1961 da aka fara gina katanga. Daga 1949 zuwa 1961 mutane sama da miliyan biyu da rabi suka bar Gabas. Gwamnatin da ke asarar likitoci da injiniyoyi kullum tana bukatar ta nuna musu suna da gurbi a ƙasar ma'aikata da manoma.

Tsarin zanen kuwa na Sobiyet aka kwaikwaya: zangarnu dama da hagu, ƙyalle a gindi, kayan aiki a tsakiya, babu garkuwa irin ta sarakunan Turai. Amma akwai abu biyu da babu a na Jamus ta Gabas, lauje da jan tauraro. Ramaniya, Bulgariya, Hangare, da Cekosulobakiya daga 1960, duk akwai tauraro a tambarinsu. An kuma guji gaggafa, domin Yamma ta riga ta ɗauke ta a 1950, kuma a idon 'yan gurguzu tsuntsun dauloli da 'yan Nazi ce.

Me ya faru a 1959

Tun 1955 gwamnatin Yamma, mai mazauni a birnin Bonn, ke bin wata manufa mai suna Hallstein: duk ƙasar da ta ƙulla hulɗar jakadanci da Jamus ta Gabas, in ban da Sobiyet, Yamma za ta yanke hulɗa da ita. Ba barazanar baki ba ce, an yi wa Yugosilabiya haka a 1957, an yi wa Kyuba a 1963. Matsayin Yamma shi ne Jamus ɗaya ce, ita ce ke magana da yawunta, Gabas yankin mamaya ne kawai. Muddin tutocin iri ɗaya ne, duk wanda ya ga baƙi, ja, ruwan zinare a filin wasa ko a tashar jirgin ruwa zai ɗauka ta Yamma ce, kuma wannan ya yi wa Bonn daidai.

A taron ministocin harkokin waje na Geneva na 1959 an zaunar da wakilan ɓangarorin biyu a matsayin masu ba da shawara, Gabas ta ɗanɗana zama a teburin manya. Ranar 1 ga Oktoba 1959, saura kwana shida bikin cikar ƙasar shekara goma, majalisar dokokinta ta gyara dokar 1955, ta ce a sa tambarin a tsakiyar tuta gaba da baya.

Yamma ta raɗa mata suna tutar raba kai. Rikicin farko ya tashi a Berlin ta Yamma cikin satin nan. Jirgin ƙasan cikin gari, har da tashoshin da ke ɓangaren Yamma, hukumar jiragen ƙasa ta Gabas ce ke tafiyar da shi bisa yarjejeniyar bayan yaƙi. Ma'aikatan suka kafa sabuwar tutar a tashoshi da ma'aikatun gyara, 'yan sandan Yamma suka zo saukewa, aka ba hamata iska. A Nuwamban 1959 gwamnatin tarayya da jihohin Yamma suka amince cewa ɗaga ta tayar da hankalin jama'a ne, 'yan sanda su sauke ta duk inda suka gani. Haka aka yi ta yi har 1969, lokacin da majalisar ministoci ta ce a daina hana ta a filayen wasanni, a 1970 kuma aka janye hanin.

A fagen wasanni abin ya fi fitowa fili. A gasar duniya ta hoki a kan ƙanƙara da aka yi a Suwizalan a 1961, tawagar Yamma ta ƙi fitowa ta buga da Gabas, don kada a ci ta a tilasta mata tsayawa a gaban tutar, aka rubuta wa Gabas nasara da ci biyar da nema. A Olamfik kuwa an yi sulhu: 1956 tawaga ɗaya da tuta zalla; 1960 da 1964 tawaga ɗaya da tuta mai fararen zobba biyar a kan jan layi; 1968 tawaga biyu amma dai da tutar zobban. Sai a 1972 Gabas ta yi fareti da tutarta, da farko a wasannin hunturu na Sapporo a Japan, sannan kuma a ina? A Munich, cikin Jamus ta Yamma. Wannan jerin yana da amfani ga mai son sanin shekarar tsohon hoto.

Kafin nan bangon Hallstein ya fara tsagewa. Zanzibar ta amince da Gabas a 1964. A 1969 Iraƙi, Kambodiya, Sudan ta Numeiri, Siriya, Yaman ta Kudu da Masar suka bi. Ƙasashen Jamus biyu suka sa hannu a yarjejeniyar zaman tare ranar 21 ga Disamba 1972, kuma ranar 18 ga Satumba 1973 aka karɓe su tare a Majalisar Ɗinkin Duniya, tutocin biyu suka tashi a New York. A ra'ayina wannan ita ce ranar da tambarin ya yi aikin da aka sa shi dominsa. Kada dai a gaya wa ɗalibai tutar ce ta jawo amincewar; sassaucin da shugaban gwamnatin Yamma Willy Brandt ya kawo daga 1969 da sauyin yanayi tsakanin Amurka da Sobiyet su ne suka buɗe ƙofar.

Awo da yadda ake zana ta

Faɗi uku, tsawo biyar, daidai da tutar Jamus ta yau. Layuka uku a kwance masu faɗi ɗaya: baƙi a sama, ja a tsakiya, ruwan zinare a ƙasa. Faɗin tambarin daga baki zuwa baki kashi ɗaya cikin uku ne na tsawon tutar.

A ce tela zai yi mai tsawon santimita 150. Faɗinta 90 ke nan, kowane layi 30, ban da abin da zai bari na kalmasa. Tambarin zai zama 50. A auna 75 daga gefen sanda, 45 daga sama, a sa ɗigo, a zana da'ira mai nisan santimita 25 daga ɗigon. Tunda jan layin 30 ne kacal, tambarin zai haura santimita 10 cikin baƙi, ya sauka 10 cikin ruwan zinare. Haka ya kamata ya kasance. Kuskuren da aka fi yi shi ne a matse tambarin ya tsaya cikin jan layi, sai tutar ta fito da ɗan tambari kamar maɓalli. A allon aji, tsawo 100 da faɗi 60 ya isa: layuka 20 kowanne, tambari 33 da ɗan ɗigo.

Cikin da'irar, a fara da jan fili a tsakiya. A tsayar da guduma a miƙe, kanta sama, ƙotarta ƙasa. A ɗora kamfas a kanta, mahaɗinsa sama wajen wuyan gudumar, ƙafafunsa biyu a buɗe suna kallon ƙasa, ɗaya dama ɗaya hagu. Duka biyun ruwan zinare ne. Sannan zangarnu su taso daga gindi ta ɓangarorin biyu su lanƙwasa sama. A ƙarshe a naɗa ƙyallen mai launi uku a gindin zoben, ba a samansa ba.

Wuraren da aiki ke lalacewa kaɗan ne, amma kusan kullum su ne. Na farko lauje: hannu ya saba haɗa guduma da lauje, to da zarar an sa shi an koma Sobiyet. Na biyu jan tauraro a sama, wanda babu shi. Na uku matsalar launi ce: zangarnun ruwan zinare ne, gindin zoben kuma yana sauka a kan layin ruwan zinare, jan filin tsakiya yana kan jan layi. In ba a bi gefen kowace zangarniya da siririn baƙin layi ba, rabin tambarin zai ɓace daga nesa. Mai aikin surfani ya yi amfani da zare mai duhu a gefuna, mai fenti ya jira ya bushe kafin ya ja layin. Na huɗu, doka ta ce gaba da baya. In aka buga a fuska ɗaya ya huda yadin, bayan zai fito a juye, kan gudumar ya kalli wancan gefen. In ana son daidai sai a yi tambari biyu a ɗinka su baya da baya. Na biyar, in layukan suka tsaya a tsaye, baƙi, rawaya, ja, an shiga Beljiyam. Ruwan zinaren kuwa a yadi rawaya ce mai ɗan duhu, kusa da ruwan ɗorawa, ba yadi mai ƙyalƙyali ba.

Ɗalibi mai kaifin ido zai iya tambaya ko kamfas ɗin na ƙungiyar asiri ta Firimason ne. Nasu ana haɗa shi da kusurwar magina, ba guduma da hatsi ba, kuma ƙungiyar ba ta da izinin aiki a Jamus ta Gabas. Haka nan ganin guduma a tambari ba ya nufin gurguzu kai tsaye: gaggafar Ostiriya tana riƙe da guduma da lauje tun 1919, in ban da 1934 zuwa 1945, ƙasar kuwa ba ta taɓa bin wannan tsari ba.

'Yan'uwan tutar da ake rikita su da ita

In an ga tambarin ƙarami a kusurwar sama ta gefen sanda, tutar jiragen ruwan kasuwanci ce, daga 1959 zuwa 1973. Bayan nan jiragen suka koma ɗaga tutar ƙasa. In an ga ƙarin zoben ganye kewaye da tambarin, ta soja ce, kuma tutocin rundunoni suna ɗauke da rubutun da ke cewa don kare mulkin ma'aikata da manoma. Ta sojan ruwa jan fili ce, launukan ukun sun ratsa tsakiyarta. Jar tuta mai hannu biyu suna musafaha ta jam'iyya mai mulki ce, SED, wadda aka kafa a Afrilun 1946 da haɗe 'yan kwaminis da 'yan soshiyal dimokuraɗiyya na yankin. Mai garkuwa da baƙar gaggafa a tsakiya kuwa ta ma'aikatun gwamnatin Jamus ta Yamma ce, har yau ana amfani da ita.

Kwabban ƙasar ma suna nuna wannan tarihi, kuma in an samu sun fi hoto daɗin koyarwa, domin ɗalibi zai riƙe a hannu. Yawancinsu na alminiyam ne, ba nauyi. Na 1948 zuwa 1950 zangarniya ɗaya ce a kan haƙorin inji, an rubuta Deutschland, wato Jamus, kawai. Na 1952 da 1953 guduma da kamfas ne tsakanin zangarnu, har yanzu da Deutschland. Daga 1956 cikakken tambari ya hau, da cikakken sunan ƙasar. Ɗan harafin A da ke jikinsu yana nufin an buga su a Berlin.

Yadda aka cire shi

A kakar 1989 masu zanga-zanga a Leipzig suka fara da cewa mu ne jama'a. Bayan buɗe katangar Berlin ranar 9 ga Nuwamba, kirarin ya koma mu al'umma ɗaya ce. A nan tsarin tutar ya juya wa masu shi baya. Tunda tambarin manna shi aka yi a kan tutar da ke akwai tun da, almakashi kawai ake bukata: a yanke da'irar, ko a farke ɗinkin, sai ga tutar Jamus ɗaya. An ga masu rami a tsakiya, an ga waɗanda aka ɓamɓare tambarin shacinsa ya rage a jikin yadin. 'Yan Hangare sun yi haka a 1956, 'yan Ramaniya suka yi a Disamban 1989. Maƙwabciyarmu Benin ba ta da wannan sauƙin, domin gwamnatin Kérékou ta sauya tutar ɗungurungum a 1975 zuwa koriya mai jan tauraro, sai da aka dawo da tsohuwar ta Dahomey ranar 1 ga Agusta 1990.

An yi yunƙurin ba ƙasar sabon tambari. Daftarin kundin tsarin mulkin da kwamitin teburin sulhu na gwamnati da 'yan adawa ya gabatar a Afrilun 1990 ya ba da shawarar a bar launukan, a maye gurbin guduma da kamfas da hoton mutum yana ƙera garma daga takobi, alamar masu fafutukar zaman lafiya na coci-coci a shekarun 1980. Amma zaɓen 18 ga Maris ya riga ya ba masu son haɗewa da gaggawa rinjaye, majalisa ba ta ɗauki daftarin ba. Ranar 31 ga Mayu 1990 ta yanke cewa a cire tambarin daga ciki da wajen gine-ginen gwamnati, aka sauke babban da ke fuskar Fadar Jamhuriya, mazaunin majalisar a Berlin, zoben ƙarfen da ya riƙe shi ya daɗe a wurin fanko. Wannan ƙuduri gine-gine ya shafa. A takarda tutar ta ci gaba da zama ta ƙasa har daren 2 ga Oktoba, lokacin da aka ɗaga baƙi, ja, ruwan zinare zalla a gaban Reichstag, tsohon ginin majalisar dokokin Jamus a Berlin. Jihohi biyar da aka rushe a 1952 aka maye su da gundumomi suka dawo, kowace da nata tambarin.

A Jamus ta yau mallakar tutar ko nuna ta ba laifi ba ne, saɓanin alamomin 'yan Nazi da dokar manyan laifuka ta haramta. Ana sayar da ita ga masu yawon buɗe ido a Berlin, kuma na kasuwa ba lallai ne su bi awon ɗaya cikin uku ba, saboda haka kada tela ya ɗauki hoton irinsu ya yi samfuri da shi. Wasu ƙasashen gabashin Turai kuwa sun kafa dokar hana alamomin kwaminisanci, kamar Yukiren a 2015, don haka ɗalibin da zai je karatu can ya bincika dokar wurin kafin ya sa rigar da ke ɗauke da irin wannan tambari.